Haɗarin da Ya Ba Wa Sifili

Sau huɗu ina rubuta layin nan na farko ina gogewa. Ban taɓa rubuta labari ba, jama'a, ni mai karanta na wasu ce, kuma ko yanzu tafin hannuna gumi yake yi har wayar na neman suɓuce mini. Idan kun ga na yi tsalle daga nan zuwa can, ku yi mini uzuri. A makon nan abin ya faru. Bai huce ba, ni ma ban huce ba.

Shekarata ashirin da huɗu. Ni ce ƙarama a gidanmu, kowa Auta yake kirana. Tun ina aji uku na firamare nake sa tabarau mai kaurin gilashi, irin wanda idan na cire sai Mama ta ce, "Mayar, mayar, kin koma mini baƙuwa." Babanmu malamin tattalin arziki ne, Allah ya jiƙansa, shekara biyar ke nan da rasuwarsa. Bai bar mota ba, kwali goma sha ɗaya na littattafai ya bari, kuma duk cikin 'ya'yansa ni kaɗai na buɗe su.

Ina tsaron shagon littattafan Baffa, ƙanin Babanmu. Shago ne dogo siriri, a matse tsakanin mai gyaran waya da mai ɗinkin labule. Muna sayar da littattafan karatu, muna kuma sa wa ɗalibai manhajojin koyo a kwamfutocinsu. Idan ba ciniki, sai in lafe a bayan kanta in koya wa kaina yadda ake tafiyar da manyan ayyuka, da sha'anin kuɗi, da duk abin da ƙawayena ke cewa yana sa su hamma.

Wata takwas da suka wuce wani saurayi ya shigo shagon. Takalminsa duk siminti, farar hular kwano a hammata, amma rigarsa ta sha guga kamar ba daga wurin gini ya fito ba.

"Malama, kuna da littafin koyon tafiyar da aiki? Wanda ba zai kashe ni ba."

Na jera masa guda uku. Ya ɗauki mafi kauri, yana auna nauyinsa da hannu.

"Wannan zai kashe ka," na ce.

Wallahi ban san lokacin da maganar ta fito ba. Ni da ko gaisuwa sai na maimaita ta a zuci kafin in furta. Ya yi dariya har Baffa ya ɗago daga jaridarsa. Ni kuwa na shiga gyara tabarau da ba abin da ya same shi.

Kowa Injiniya yake ce masa. Mai kula da ma'aikata ne a wani kamfanin gine-gine, kuma a karon farko an danƙa masa aiki nasa na kansa: ƙarin ɗakuna a wani ƙaramin asibiti. Manajansu ya ce dole a tsara komai a manhaja, shi kuwa bai taɓa buɗe irinta ba. Ni ina da asusu a wata, a ciki nake tsara karatuna. Sai na saka shi a ciki. Kullum bayan la'asar ya zo, ya jingina da kanta, in juya masa kwamfuta. Aiki ɗari da arba'in na jera masa, tun daga haƙa rami har sa makulli, kowanne da ranarsa da wanda yake jira kafin ya fara. Na ce "na jera masa" domin, tsakani da Allah, shi kallo ya fi yi.

Akwai wani shafi da ake kira jerin haɗura. A nan kake rubuta duk abin da zai iya ɓata maka aiki, ka ba shi kaso bisa ɗari gwargwadon yiwuwarsa, ka kuma rubuta mafita idan ya auku. Ranar da na nuna masa, ya rubuta "siminti ya yanke a kasuwa" ya sa sifili.

"Goge," na ce.

"Ai ba zai yanke ba."

"Ko ɗaya ne ka sa. Ba a ba wa haɗari sifili. Ranar da ka ba shi sifili, ranar ka daina kallonsa."

"To, Malamata."

Daga ranar sunan ya bi ni. Malamata. Ku da aka saba kiranku da sunaye masu daɗi ba za ku gane ba. Ni sai da na shiga bayan shago tsakanin kwalaye na tsaya, don kada Baffa ya ga fuskata.

Da muka zo ɓangaren kasafi ya kasa ganewa, sai na yi abin da ban taɓa yi wa kowa ba. Na ara masa littafin Babana. Koren bango gare shi, gefensa ya sha salatif, kuma kowane shafi akwai rubutun Baba da fensir a gefe, ƙanana ƙanana, wasu ma da ni yake magana: "Auta, duba nan." Na nannaɗe shi a leda biyu na miƙa masa kamar jariri.

Daga baya ya ce in saka Akantar kamfaninsu a aikin asibitin, don ita ke amincewa da sayen kaya. 'Yar Manajansu ce. Na saka ta. Hotonta kawai na sani, ɗan ƙarami a cikin da'ira: shuɗin mayafi, ba murmushi.

Sai saƙonni suka fara. Kullum ƙarfe bakwai na safe, ba bakwai da minti ɗaya ba.

"Malamata, kin tashi lafiya? Allah ya sa yau ki yi murmushi sau goma, ki ajiye mini ɗaya."

"Malamata, na tuna ki tun kafin in tuna shayi."

Na koma tashi bakwai saura biyar in zauna bakin gado da waya a cinya. Na buɗe musu ma'ajiya ta musamman ina tara hotunansu. Ina cewa a raina, mutumin da bai taɓa makara da minti ɗaya ba, ai wannan ba ƙaramin so yake yi ba.

Da ya je ya gaida Mama, gidanmu ya kama da murna kamar an ci jarrabawa. Aka tsayar da Asabar ɗin nan manyansa za su zo wurin Baffa a yi magana. Mama ta sauya labulen falo, ta sa ruwan zuma mai ratsin zinariya. Ta fito da kofunan da ba a taɓa shan komai da su ba. Ta gaya wa maƙwabta, ta gaya wa 'yan uwa, ta gaya wa mai kawo mana gas. Goggo, yayar Babanmu, ta tare a gidan tun ranar Lahadi da ƙullin yadi ruwan hoda, tana kara mini shi a kafaɗa.

"Tsaya sosai, ke kullum a ranƙwafe kamar mai neman allura. Ikon Allah! Wa ya taɓa zaton littafi zai kawo miji? Ni har na fara yi miki addu'ar samun mai haƙuri, ko da tsoho ne."

"Goggo!"

"Ƙarya na yi? Ranar Asabar dai ki cire mana gilashin nan."

"To ba zan ga kowa ba."

"Su ne za su gan ki, ke me za ki gani?"

Ashe ni ce zan ga abin da ya fi ƙarfin idona.

Makon jiya na karanta babin rahotanni a wani sabon littafi da aka kawo shago. Ni kuwa duk abin da na karanta sai na gwada. Na shiga manhajar na kunna rahoton mako, wanda take aiko wa mai asusu da jerin ayyukan da aka kammala. Ranar Litinin da hantsi ya iso. Ina cin biskit ina dubawa: zuba kankare, an gama. Ɗaura rodi, an gama. Sai na ga wani layi da ba ni na rubuta ba.

"Saƙon safe ga Tabarau. Maimaitawa: kullum, ƙarfe bakwai. Tsawon lokaci: minti biyu. An kammala bakwai cikin bakwai."

Na karanta sau uku. Na cire tabarau na goge da bakin mayafi, na mayar. Yana nan.

Na danna. Ashe Injiniya ya buɗe wa kansa wani aiki a cikin asusuna, ya sa masa alamar ɓoye. Abin da bai sani ba, don ranar da na yi bayanin yana amsa waya, shi ne ɓoyon daga sauran mutane ne kawai. Mai asusu ba a ɓoye mata komai.

Sunan aikin: "Aure".

Hanya biyu ya zana. Tsari na ɗaya: Akanta. Tsari na biyu: Tabarau. Kowacce da ayyukanta, da ranaku, da launinta. Ita shuɗi, ni ruwan toka.

A ƙarƙashin Akanta ya rubuta: "Amfani: matsayi a kamfani, kusanci da Manaja. Illa: ta girme ni da shekara biyu, ga girman kai. Ta yi alkawarin ba da amsa ranar Alhamis."

A ƙarƙashina: "Amfani: ta iya aikin manhaja, ba ta da tsada, littafi ya ishe ta. Illa: ba ta fita kunya a taro."

Sai ranar yanke hukunci, Alhamis. Idan Akanta ta amince, akwai aiki a shirye mai suna "Janyewa daga gidan su Tabarau kafin Asabar", har da uzurin da zai bayar: "A ce Hajiyata ta yi istihara ba ta natsu ba." Idan ta ƙi, a ci gaba da tsari na biyu.

Na gangara zuwa jerin haɗura. Ya cika shi tsaf, yadda na koya masa. "Akanta ta ƙi: kashi arba'in. Mafita: Tabarau." "Manaja ya ji labarin Tabarau: kashi goma. Mafita: a ce malamar koyarwa ce." Layi na ƙarshe kuwa:

"Tabarau ta ƙi: sifili. Ba mai nemanta. Ba a buƙatar mafita."

Zan gaya muku wani abin kunya. Ban yi kuka nan take ba. Abu na farko da idona ya kama shi ne ya haɗa ayyuka biyu a baibai, ya sa sayen zobe yana jiran ɗaurin aure, kuma hannuna har ya kai kan linzamin kwamfuta zai gyara masa. Sai da na ga yatsana a wurin sannan na janye shi. Na ce wa Baffa zan lissafa kwalayen baya. Na zauna a kan kwalin ƙamus na toshe baki da mayafi. Minti biyu. Ni da nake tashi bakwai saura biyar. Jirana ma ya fi son nasa tsawo.

Da hawayen suka ƙare, abin da ya rage ba baƙin ciki ba ne. Wani abu ne mai sanyi, mai tsabta, wanda ban san ina da shi ba.

Ranar Talata ya zo bayan la'asar kamar kullum, da farar riga mai maɓallan azurfa, yana ƙamshin turaren da nake jin sa tun daga bakin ƙofa. Ya ajiye mini alƙalami a kan kanta.

"Malamata, yau shiru. Ko Asabar ce ta fara ba ki tsoro?"

"Kaina ke ciwo." "Ka sabunta jerin haɗuranka?"

"Tsaf."

"Babu wanda ka ba wa sifili?"

"Haba! Ɗalibinki ne fa."

"Littafin Babana fa? Ina so in duba wani abu."

"Yana mota, ko gida, ban tuna ba. Bar shi mana, ai gida ɗaya zai koma."

Na yi murmushi. Na ajiye masa ɗaya, kamar yadda ya roƙa.

Bayan ya tafi na zauna na yi tunani irin na mai tsara aiki. Idan na ce masa na fasa yau, me ya rasa? Zai goge layin toka ya bi shuɗi, ƙila ma ya gode mini na rage masa wahalar ƙarya a kan Hajiyarsa. Idan na yi shiru, ko dai a yar da ni ranar Juma'a Mama ta rasa inda za ta sa fuskarta, ko kuma a aure ni a matsayin tayar da ake ajiyewa a bayan mota. Ba na son ko ɗaya. So nake ya tsaya a tsakiyar titi, ba ta gaba ba ta baya.

Mutum uku ne kawai a asusuna: ni, shi, da Akanta. Kuma maɓalli ɗaya ne tsakanin "ɓoye" da "kowa ya gani".

Laraba da ƙarfe goma na safe, lokacin da na san yana kan gini ba ya duba waya, na danna. Ban ƙara ko harafi ba, ban rage ba. Sannan na zauna ina kallon saman allo, inda hoton duk wanda ya buɗe shafi yake bayyana. Wani ɗalibi ya shigo neman littafin lissafi, na miƙa masa na girke-girke. Sha ɗaya saura kwata, shuɗin mayafi ya fito a da'irarsa. Ya tsaya minti goma sha ɗaya. Na ƙirga.

Sai wayata ta yi ƙara. Baƙuwar lamba.

"Ke ce mai asusun nan?" Murya ce a daidaice, irin ta wadda ta saba a ce mata ranki ya daɗe.

"Ni ce."

"Ke ce Tabarau ke nan."

"Haka aka ce."

"Ni ce 'ga girman kai'." Ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai dariya ba. "Da gangan kika buɗe?"

Na so in ce kuskure ne. Bakina har ya shirya. "Da gangan," na ce.

Sai muryarta ta sauka ƙasa.

"Kin san gobe e zan ce masa? Har na gaya wa mahaifiyata."

Duk lissafina ban sa ta a matsayin mutum ba, launi kawai na ɗauke ta, kamar yadda ya yi. Na ce, "Ki yi haƙuri, Yaya."

"Ba ke za ki ba ni haƙuri ba. Mayar da shi ɓoye kafin ya sauko daga gini. Gobe zan ba shi amsarsa, kuma ba zan gaya masa dalili ba, ya je ya yi ta neman inda lissafi ya kuɓuce masa. Ke fa?"

"Ni tawa sai Juma'a."

"Me ya sa Juma'a?"

"Sai ya rufe taki hanyar da hannunsa tukuna."

"Kai!" ta ce. "Kuma wai ke ce ba kya fita kunya a taro."

Tana ajiye waya na mayar da shi ɓoye.

Alhamis da ƙarfe uku da rabi, layin shuɗi ya koma ja. Ya rubuta: "Ta ƙi. Dalili ba a sani ba. A fara tsari na biyu." Ko minti goma ba a yi ba saƙo ya shigo, a lokacin da ba nasa ba.

"Malamata, yau na zauna na duba rayuwata, na ga babu mace a duniya da ta kai ki a wurina. Ban taɓa haɗa ki da kowa ba."

Na leƙa manhaja. Ya gyara aikin safe. Minti biyu ya koma minti biyar. An yi mini ƙarin girma, jama'a.

Na buga shafukan a firintar shago, guda uku, na ninke su cikin jaka. Na tarar da Mama a falo tana goge kofunan nan da tsumma, Goggo a ƙasa ta miƙe ƙafa tana tsinke zaren rigata da tela ya kawo. Na durƙusa. Na karanta musu tun daga sama.

Goggo ce ta fara. "To sai me? Ai ke ya dawo wa. Duk maza da lissafinsu a ciki, shi dai wautarsa ya rubuta. Ki rufa mana asiri, jibi ne fa."

"Auta," Mama ta ce a hankali, "na gaya wa kowa. Ga labule, ga ɗinki, Baffanki ya sanar da mutane. Wata takwas kina fama da yaron nan. Duk a zubar?"

"Mama, a littafin Baba akwai inda ya rubuta mini da fensir. Ya ce abin da aka riga aka kashe ba ya dawowa ko an ci gaba ko an tsaya, don haka ba shi ake dubawa ba, abin da ke gaba ake dubawa."

"Ji ta!" in ji Goggo. "Ana maganar aure tana kawo mana aji. Ƙanina ya tafi ya bar mana rediyonsa a kunne."

Mama ba ta yi dariya ba. Ta ajiye kofi. "Layin ƙarshen nan, sake karanta mini."

Na karanta. "Tabarau ta ƙi: sifili. Ba mai nemanta."

"Ba mai neman wa?"

"Ni, Mama."

Ta karɓi takardar. Mama ba ta gani sosai idan ba ta sa nata gilashin ba, sai ta miƙa hannu ta zare nawa daga fuskata ta ɗora a hancinta. Ban ga fuskarta ba, komai ya zama hazo, numfashinta kawai nake ji.

"'Yar tawa," ta ce. "Mutumin da ya zauna a kujerar nan ya sha shayina yana ce mini Mama." Ta mayar mini da tabarau da hannunta, ta gyara mini shi a bayan kunne. "Yaya, ninke rigar nan, za ta sa ta wani wurin. Auta, kira mini Baffanki."

Goggo ta dubi Mama, ta shiga ninke rigar. Can ta ce ƙasa-ƙasa, "Ni dama tafiyarsa ba ta yi mini ba."

Baffa ya ce gobe da hantsi zai kira manyansu cikin mutunci, kada su wahalar da kansu. Na roƙe shi ya bar mini safiya.

"Me za ki yi da ita?"

"Zan gyara wa ɗalibi aikinsa, Baffa."

Yau Juma'a. Bakwai saura biyar na tashi, jiki ya saba. Na zauna bakin gado da kwamfuta a cinya, na buɗe jerin haɗuransa, na je layin ƙarshe. Na goge sifili na sa ɗari. Na goge "ba mai nemanta". A wurin mafita na rubuta: "Babu. Ka rufe ɗayar da hannunka jiya, ƙarfe uku da rabi." Na sa sunansa a matsayin wanda alhakin ya rataya a kansa, don manhaja ta buga masa ƙararrawa. Na ɗora yatsa na jira.

Ƙarfe bakwai daidai wayata ta yi haske.

"Malamata, saura kwana ɗaya. Na kasa barci don murna."

Na danna.

Bakwai da minti ɗaya hotonsa ya bayyana a saman allo, da farar hular kwanonsa. Ya tsaya. A waya na ga alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo, ta ɓace. Ya kira sau uku, ina kallon wayar tana rawa a kan bargo. Zan ɓoye muku ne? Daɗi na ji. Daɗi har cikin yatsun ƙafata. Wata takwas ban taɓa jin na cika ɗakina ba sai yau.

Sai hoto ya shigo.

Koren bango, gefe da salatif. Babu leda ko ɗaya. Ya ɗora shi a bakin duron ruwan da suke kwaɓa siminti da shi, rabinsa a kan ƙarfe, rabi a kan iska.

"Littafin Babanki yana hannuna. Ki zo mu yi magana kamar manya."

Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba. Fensir ne, jama'a. Rubutun Baba duk fensir ne a kan tsohuwar takarda.

Na sha ruwa. Na zauna. Na shiga aikin asibitin, aiki ɗari da arba'in da zai gabatar wa Manaja ranar Litinin, wanda ko kwafinsa bai taɓa tunanin ajiyewa ba. Ban goge komai ba, marasa lafiya ba su yi mini laifi ba. Sunansa kawai na cire daga masu shiga. Sannan na rubuta masa:

"Ƙarfe goma, shagon Baffa, a gaban Baffa. Ka kawo shi a bushe, cikin leda biyu yadda na ba ka. Shafi nawa ya jiƙe, mako nawa za ka yi kana tsara asibitinka da hannu."



Yanzu ina bayan kanta nake rubuta muku wannan. Na sa baƙar doguwar riga da tabarauna, na goge shi har yana ƙyalli. Baffa ya ninke jaridarsa ya jawo kujera kusa da ƙofa. Na buɗe sabon aiki, na sa masa suna "Karɓo littafin Baba", na fara cika jerin haɗura. Ya ƙi zuwa: kashi talatin. Ya zo da littafin a lalace: ashirin. Ya ɗaga murya: goma, mafita Baffa.

Saura layi ɗaya, na daɗe ina kallonsa. "Ya ce Malamata da muryar nan, zuciyata ta karye."

Yatsana ya tafi kan sifili da kansa. Na janye shi. Na sa biyar. Na dubi ma'ajiyar saƙonninsa da har yanzu ban goge ba, na mayar da shi ashirin. A wurin mafita na rubuta: "Minti biyu. Ki tuna."

Goma saura kwata. Wata mota ta tsaya a gaban shagon mai labule, kuma ƙamshin turaren ya riga shi shigowa.